Sai An Tsaya Take Rawa

Lahadi, 4 ga Oktoba, da yamma

Injin ya zauna. Bazara guda yana reto a jikin sarƙa a garejina kamar barewar da aka rataye, yau dai ya zauna a cikin motata Firebird, ya kuma tashi.

Ba don gaggawarmu ba da tuni an gama. Motar 'yar 1971 ce, injinta na asali ya mutu bara. Wannan ɗan 1968 ne, na ciro shi daga wata tsohuwar mota da kaji suka mayar akurki a wata gona bayan garin Frankenmuth. Kamfani ɗaya, silinda takwas, har fentin shuɗi ne, wa zai ce ba za su karɓi juna ba? Sai da muka sauke shi cikin motar muka ga ramuka biyu ne kawai a kowane gefensa, mazaunin motar kuwa noti uku yake nema. Dewey ya yi dariya har sai da ya zauna a kan bokiti. Dewey Kaczmarek ke nan, abokina tun muna makarantar sistocin coci, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin share ƙanƙara, amma shi ma bai leƙa ba kafin mu ɗauko.

"Kai wanzami ne, an yafe maka," in ji shi. "Ni ne abin kunya. Don Allah kada ka kai maganar nan shagonka."

Washegari duk wanda ya zauna a kujerata sai da ya ji ta.

Faifan ƙarfen da ke haɗa inji mai rami biyu da mazauni mai noti uku sai makon jiya ya iso. Muka ɗaura shi, muka sauke inji a kan tsofaffin robobin mazauni, na murɗa makulli. Loretta ta fito daga kicin hannu a kunne tana dariya. An kwana biyu rabon da in ga matata ta yi dariya irin wannan.

Na zaga gari ni kaɗai. Abu ɗaya ne kawai. A danjar gaban coci na tsaya, hannuna na dama a kan sandar giya, sai na ji 'yar rawa, da wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas. Ina ba ta wuta ta ɗauke. Mazauni ne, ba wani abu ba. Sabon haɗi dole ya ɗan nemi wurin zama.

Talata, 6 ga Oktoba, kafin in buɗe shago

Loretta ta bari sai da na cika baki da burodi sannan ta faɗa. Ta karɓo mini rana wurin wani likitan jijiyoyi a garin Saginaw, Litinin biyu ga wata mai zuwa. Litinin ta zaɓa don ta san shago a rufe yake, ba ni da abin fakewa. Matar nan ta san duk ƙofofin da nake bi in gudu.

Na ce mata lafiyata ƙalau, mota ce ke rawa.

"Motar da ta tashi shekaranjiya?" ta ce. "Orv, ni fa tun watan Yuli nake..."

Na kunna rediyo. Ta kashe.

Muka yi yarjejeniya, kuma ni na kawo ta. In na gyara mazaunin rawar ta ɗauke, za ta buga waya ta soke ranar. In ba ta ɗauke ba, zan sa riga mai kyau in bi ta ba gardama. Ta ce ta yarda. Saurin yardar ne ya tsaya mini a rai, don Loretta ba ta saurin yarda da komai, ko da farashin kabewa ne. Ina da kusan wata guda, kuma dama dole in gama kafin a fara zuba gishirin narkar da ƙanƙara a titi in rufe motar, don gishiri cin ƙarfe yake.

Alhamis, 8 ga Oktoba, da yamma

Kowace danja. In ana tafiya lafiya lau, sai an tsaya take rawa.

Asabar, 10 ga Oktoba, bayan na rufe shago

Dewey ya zo gyaran fuska kamar kowace Asabar. Shi da tsoho Mista Brandt kaɗai suka rage masu yarda da aska a garin nan, sauran duk kilifa suke so, a yi musu sausaya kamar tumaki. Askar ta mahaifina ce, da ita ya koya mini, kuma ban taɓa ba kowa ita ya riƙe ba. Na lulluɓe Dewey da tawul mai zafi ko zai yi shiru, amma ta ƙarƙashin tawul ɗin yake ba da fatawa.

"Robobin nan sun girmi 'yarka. Ka ɗora sabon inji a kan tsohon takalmi, me kake tsammani?"

"Jiya ka ce salansa ce ke taɓa shasi."

"Jiya ban ci abinci ba. Yi a hankali da maƙogwaron nan, wanzami, guda ɗaya gare ni."

Ɗan sandan da ke jiran layi ya ce farfela ce. Mai kantin takalma ya rantse kafireto ne, shi da ko taya bai taɓa canzawa ba. A shagon aski kowa bakanike ne.

Na yi masa gyara tas, ko ɗigon jini babu. Ina so in tuna wannan, ko ɗigo. Hannun da ya yi aikin nan ba hannun da ake kai wa likita ba ne. Sai dai da na tsaya ina sake ba da labarin ramuka biyun nan, hannuna a kafaɗarsa, na ga Dewey yana kallona ta madubi, ba ya dariya. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce kumfa ce ta shiga masa ido.

Lahadi, 11 ga Oktoba, bayan coci

Sababbin robobi. Muka sa jak da katako a ƙarƙashin inji muka ɗan ɗaga shi, Dewey a ƙasa yana zagin duk wanda ya ƙera motar, ni a sama ina riƙe masa fitila. Tsohuwar robar hagu kuwa ta tsage, tsagar da yatsa ke shiga. Dewey ya ce kullum ta hagu ce ke fara mutuwa, don in an taka totur inji yana yunƙurin mirginawa, ita ke riƙe shi.

Wallahi kamar in yi rawa. Na ɗauki robar har kicin na ajiye wa Loretta kusa da kwanon dankali, kamar kyanwa ta kawo ɓera.

"Ga likitanki nan," na ce.

"Ɗauke mini ƙazantar nan daga kan tebur."

Amma ta juya ta, ta sa yatsa a tsagar. Na ga ta so ta yarda. Ta so ƙwarai, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan a ce ta yi tsaki.

Dewey ne ya fara tuƙawa. A danja ya ce shi bai ji komai ba, na ce tumbinsa ne ke shanye ta. Muka canza wuri. Danja ta gaba, ƙas-ƙas-ƙas.

"Ka ji?"

"Na ji ƙara," ya ce, ya mayar da fuskarsa taga yana karanta allon mai sayar da taya kamar yau ya fara ganinsa.

Talata, 13 ga Oktoba, da safe

Na cire zoben da nake sawa a hannun dama. Dama ba a son zobe kusa da batir, kowa ya san wannan.

Ƙarar ta ɗauke. Rawar tana nan. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 15 ga Oktoba, bayan cin abinci

Loretta ta faɗo gareji a guje da tsumman kicin a hannu, wai warin fetur ya kai har falo. Tiyon da ke shiga kafireto ne ke ɗiga, har ya yi ɗan tafki a ƙarƙashin mota. Ni kuwa ina tsugune a gefensa ina neman noti, ga hita a kunne. Ta cire wayar hitar, ta wangale ƙofa, sannan ta tsaya tana numfashi.

"Ba ka ji ba?"

"Mura nake yi."

"Murar da ba tari ba majina? Orv, ranar Lahadi na ƙona miya ka cinye ka ce ta yi daɗi."

Na ce mata ladabi ne, uwata ta koya mini. Ba ta yi dariya ba. Bayan ta koma ciki na ɗaure tiyon, na zuba yashi a kan fetur ɗin, sannan na buɗe gwangwanin kofi da ke kan benci na kafa hanci a ciki na daɗe.

Mura ce.

Asabar, 17 ga Oktoba, da yamma

Mista Brandt. Ƙasan kunnen hagu. Ba wani babban abu ba ne, ɗan yanka ne, na goga alif jinin ya tsaya nan take. Na ɗan dakata ne in ji abin da rediyo ke cewa kan yanayi, askar tana kwance a fatarsa, shi ke nan.

Ya ce ba komai, laifinsa ne, shi ya motsa. Barci yake yi. Kullum barci yake a kujerata, tun ina saurayi.

A bakin ƙofa yana naɗa ƙyallen sanyi a wuya ya ce wai jikarsa ta saya masa injin aski na lantarki, yana so ya ɗan gwada shi don kada ta ji haushi. Na ce ai ya kamata. Muka yi sallama kamar mutanen kirki.

Na wanke askar, na sake wankewa. Tsoro nake ji. To, ga shi na rubuta. Tsoro nake ji, kuma ban san abin da mutum yake yi da ranakunsa ba in ba aski yake yi ba. Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai nake tsaye a bayan kujerar nan.

Gobe akwai kasuwar kayan tsofaffin motoci a filin baje koli. Ba zan gaya wa Dewey ba.

Lahadi, 18 ga Oktoba, da rana

Sanyi, laka, da ruwan tuffa mai ɗumi a kofin takarda. Na riƙe kofin da hagu. Na bi tebur tebur har na sami abin da nake nema wurin wani saurayi mai tsere da mota: mazauni na ƙarfe zalla, ba roba ko kaɗan a jikinsa.

"Baba, ka san abin da kake saya kuwa?" ya ce. "Waɗannan ba sa shanye komai fa. Duk abin da inji ya yi, kujerarka za ta ji. Haƙoranka za su zube."

Na ce masa rabinsu dama na roba ne. Ya yi dariya ya naɗe mini su a jarida.

Litinin, 19 ga Oktoba, da yamma

Ni kaɗai na sa su. Aikin da muka yi da Dewey kafin kofi ya huce ya cinye mini yini guda. Akwai notin da na daɗe ina nema masa rami, amma ya shiga.

Na murɗa makulli, motar gaba ɗaya ta ɗauki kyarma. Madubi ba a ganin komai a cikinsa, bonet na gurnani, makullan da ke rataye suna kaɗa kansu, har gwangwanayen fenti da ke kan kanta suka amsa. Na ƙwala wa Loretta kira, na zaunar da ita a gefena.

"Kin ji? Kin ji ko?"

"Na ji," ta ce, muryarta na karkarwa saboda kujera, tabaraunta na gangarowa kan hanci.

Na ɗora hannuna a kan sandar giya a gabanta, ban ɓoye ba. Yana rawa. Nata ma yana rawa. Sitiyari na rawa, gwiwoyinmu na rawa, babu abin da ba ya rawa a motar nan. Tun bazara rabon da in ji sanyi a raina irin na yau. Na bar ta a silo har Loretta ta ce kanta ya fara ciwo.

"Wannan shi ne gyaran, Orv?"

"Ana kan hanya. Yanzu dai kin ga daga inda take fitowa."

Ta gyara tabarau, ta dube ni, ta fita. Ta rufe ƙofar motar a hankali, kamar akwai mai barci a ciki.

Laraba, 21 ga Oktoba, tsakar rana

Da motar na zo shago. Lokacin cin abinci na zauna a cikinta a bayan gini, inji a kunne, na ci burodina. A nan kaɗai hankalina ke kwanciya.

Juma'a, 23 ga Oktoba, da safe

Biron nan ba shi da kirki. Rubutu sai ƙanƙancewa yake yi, kafin ƙarshen layi ya koma kamar kiyashi.

Na canza biro.

Asabar, 24 ga Oktoba, bayan na rufe shago

Na ce wa Dewey aska ta tafi wurin wasawa. Ni da nake wasa ta da hannuna tun kafin ya fara gemu. Ya ce to, ya zauna na bi masa fuska da kilifa, bai yi ba'a ko ɗaya ba. Da ba'ar ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da zai tafi ya ji ina tayar da motar a bayan shago. Ya dawo ya ɗaga bonet da kansa, ya leƙa, ya daɗe a sunkuye.

"Wa ya sa maka waɗannan?"

"Ni."

"Ƙarfe a kan ƙarfe? Tsere za ka shiga da tsufanka?"

"Gwaji nake yi."

"Gwajin me? Kana neman 'yar ƙaramar rawa, sai ka sa motar duka ta kama bori? Duba nan. Noti biyu ne kawai ke riƙe da faifan nan a jikin inji. Roba ce ke yi musu sassauci. Ka ci gaba a haka, za ka fasa injin da muka ƙare bazara a kansa."

Na ce in ya gama wa'azi ya rufe mini bonet. Na ce motata ce, in na ga dama in ɗaure injin da igiyar shanya.

"Orval," ya ce.

Ba ya kirana da sunana. Sau biyu na taɓa jin ya yi, ranar da mahaifina ya rasu da ranar da matarsa ta rasu. Na taka totur don kada in ji sauran. Ya rufe bonet ya tafi, yana ɗingishinsa na kullum.

Raina ya ɓaci, kuma ba da shi nake fushi ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba, da yamma

Dewey bai zo ba. An mayar da agogo baya da awa guda kamar kowace shekara war haka, duhu ya fara yi da wuri.

Talata, 27 ga Oktoba, tsakar rana

Na koyi dabara. In hannun yana aiki ba ruwansa, almakashi na tafiya yadda ya saba. Da zarar ya gama sai in tura shi aljihun riga ya riƙe mataji. Na kuma rage surutu, don surutu ne ke sa mutum ya tsaya. Mai kantin takalma ya tambaye ni ko mun yi faɗa da Loretta ne, wai shagon ya zama kamar ɗakin karatu.

Ba mu yi faɗa ba. Ba ta ƙara tayar da maganar Litinin ba ko sau ɗaya. Ta dai goge rigar nan mai ruwan toka ta rataye ta a ƙofar kabad, inda zan gan ta duk safiya.

Alhamis, 29 ga Oktoba, da yamma

Na shiga ƙarƙashin motar da fitila. Ɗaya daga notin faifan hagu ya saki, da yatsa na juya shi. Dewey ya yi gaskiya, kuma ba zan gaya masa ba.

Na ɗaure. Na daɗe a kwance a kan siminti ina kallon cikin motar, hannuwana a kan ƙirji. Ban kunna inji ba. Bai kamata in kwanta haka ba inji a kashe.

Rediyo ta ce dusar ƙanƙara mako mai zuwa.

Asabar, 31 ga Oktoba, bayan na rufe shago

Na ɗauka Dewey ba zai zo ba. Sai da kowa ya watse ya shigo, ya rataye hularsa, ya zauna.

"Askar ta dawo daga wasawar?"

"Ba ta dawo ba."

"Tana aljihun tebur na biyu, ga ƙotarta can ina hange. Ɗauko ta."

"Dewey, ka bari."

"Wuyana ne ko naka? Kilifar nan taka tsiga take yi kamar akuya na cin ciyawa. Mako guda ina susa. Ɗauko, wanzami, kada ka ɓata mini rana."

Ya kwantar da kai ya rufe ido. Na wasa askar a jikin fatar wasawa, na shafa kumfa, na fara daga kunnen dama. Ban tsaya ba. Ban yi magana ba, ban saurari rediyo ba, ban ɗaga kai na dubi madubi ba. Kunci, haɓa, ƙasan hanci, sannan maƙogwaro, ina ganin jijiyar wuyansa tana bugawa a ƙarƙashin kumfa. Shi ma ashe ba barci yake ba. Da na kai ƙarshe na ɗauke askar na ajiye ta nesa, rigata ta jiƙe sharkaf.

Ya shafa fuska, ya juya ta hagu da dama a madubi.

"Ba laifi," ya ce. "Gobe bayan coci ina zuwa. Ka fito da robobin nan, ka sa kofi."

Ko ɗigo babu. Na naɗe askar a tawul mai tsabta na kawo ta gida.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, da yamma

Muka cire na ƙarfen muka mayar da robobi. Dewey bai ce ai na gaya maka ba, ko da ya ga sawun sifana a notin faifan hagu. Ya bi komai ɗaya bayan ɗaya: mazaunin giyabos, salansa, fanka, filogi. Ya ɗan taɓa kafireto har silon ya kwanta. Ban taɓa jin injin nan yana numfashi a hankali haka ba.

Sannan ya laluba aljihu ya fito da ƙwandalar sent biyar. Wasan tsofaffin bakanikai ne in suna so su nuna aikinsu. Ya tsayar da ita a kan gefenta, a bisa shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ke saman lagireto, ya janye yatsunsa a hankali.

Ta tsaya. Inji na aiki, silinda takwas, ƙwandala na tsaye ko gezau.

Loretta ta shigo da kofi a faranti, ta gan ta, ta tsaya a inda take. Ni ina jingine da madigadi, sifana a hannuna na dama. Na buɗe baki zan ce ai a sandar giya ake jinta, ba a nan ba. Dewey ya zura hannu ta taga ya kashe motar.

Gareji ya yi tsit. A cikin shirun nan sai ga ta, ƙas-ƙas-ƙas, sifana a jikin madigadi.

Mu uku muka saurara. Ba wanda ya dubi hannun. Ƙwandalar tana nan tsaye. Na yi niyyar tura shi aljihu, sai na ga na gaji, na bar shi.

"Ni a kafaɗata nake jinta," in ji Dewey, yana goge yatsu da tsumma. "Tun Yuli. Duk Asabar, in ka tsaya surutu."

"Ka kuma bar ni ina ta canza mazauni?"

"Robobin dama sun mutu, ai ka ga tsagar. Kuma in ban zo garejin nan ba ina za ni ranar Lahadi?"

"Jiya fa? Ka sani, ka miƙa mini wuyanka."

"Na ce maka kilifarka tsiga take yi."

Na so in zage shi. Loretta ta ajiye farantin a kan benci, ta zo ta zare sifanar daga hannuna ta rataye ta a ƙusarta.

"Kofi zai huce," ta ce.

Litinin, 2 ga Nuwamba, da hantsi, a ɗakin jira

Na sa rigar. Loretta ta ɗauko makullin motarta, na ce a'a, da Firebird za mu, makon nan za a fara zuba gishiri. Na miƙa mata makullin. Ta dube shi, ta dube ni. Rabonta da mota mai kulochi tun 'yarmu tana jaririya, kuma motar ta mutu mata kafin mu fita daga layinmu. Na yi shiru, ita ma ta san na yi ƙoƙari.

Ban taɓa zama a wannan gefen ina sauraronta da kyau ba. Aikin ya yi. Ba don ni na yi ba, injin nan ya zauna daram kamar a cikinta aka haife shi.

Danjar gaban coci ta tsayar da mu. Madubi tar, sitiyari ko motsi. Hannuwana suna kan cinyata, kuma ba sandar giyar da zan ɗora wa laifi. Loretta ta miƙo hannunta ta ƙetare ni, ta kama na daman, ta riƙe shi gam. Na ga rawar ta shiga yatsunta, ta hau har agogon hannunta.

"Na ji, Orv," ta ce. "Yanzu kam na ji."

Danja ta ba da hannu. Na bayanmu ya danna ham, ya sake dannawa. Ba ta sake ni ba.

"Na taka kulochi," ta ce. "Sa mini giya."

Na sa mata ta ɗaya da hannun hagu. Har Saginaw ni na riƙa canza mata.